Baitin da Bai Shiga Faifai Ba

Jerez, Maris 1938

Yaya Tobalo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Buenos Aires. Faifanka ya iso nan, yana shagon wanzami. Baba na wucewa ya ji waƙar maƙerarmu, wadda kakanmu ke yi da bugun guduma kaɗai, tana fitowa daga akwatin garmaho, da jita a bayanta, ana yi wa mutane aski. Ya tsaya har ta ƙare. Tun ranar bai sake waƙa ba, ni ma ya hana ni ko tafa hannu. Zuga nake yi masa shiru daga safe har yamma. Ka zo ka ba shi haƙuri.

Ƙanwarka,
Salud

Buenos Aires, Yuni

Salud, 'yar rigima,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba in zai amsa. Ta ina zan zo? Sunana na hannun sojoji tun da na yi waƙa a taron ma'aikata. Ina sauka daga jirgi, sai a tsayar da ni jikin bango a harbe.

Kada ki ɗauka daɗi nake ji. Sau biyu kullum nake hawa dandamali, an rubuta "flamenko", sunan irin waƙarmu, da manyan baƙaƙe a ƙofa, mai gidan wasan yana ce mini in riƙa murmushi. A waƙar makoki! Amma suna neman mai rawa, kuma duk cikinsu babu mai ƙafarki. Ga takardar gayyata. Ki taho.

Yayanki,
Tobalo

Jerez, Satumba

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ɓarin jikin Baba ya shanye, an kashe wutar maƙera. In na tafi wa zai ba shi abinci a baki? Takardar na ba Rosarillo, 'yar maƙwabta. Na raka ta tasha, na ba ta takalman rawata.

Jiya Baba ya sa aka ɗauke shi a kujera zuwa shagon wanzami. Ya saurara, ya ce, "Muryar tana nan. Amma ya yanke baitin uwarku." Ya buɗe baki zai rera baitin, muryar ta ƙi. Sai ya buga hannun kujera, ya kalle ni. Na yi baitin, a gaban maza.

Me ya sa ka yanke?

Salud

Buenos Aires, Disamba

Salud,

Gaisuwa. Na gaya wa kowa faifai ne bai da wuri. Ƙarya ne. Mantawa na yi. Ki rubuto mini, don Allah.

Tobalo

Jerez, Fabrairu 1939

Yaya,

Muna gaishe ka. Na karanta wa Baba wasiƙarka. Ya ce ba a rubuta shi, a baki ake karɓa, ka zo. Na ce masa hanya a rufe take. Ya ce zai jira.

Likita bai ce haka ba.

Ka huta lafiya,
Salud