Tsohon Tankin da Ke Bisa Gidana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, barka da fama da jama'a. Yaya iyali, yaya shirin damina? Allah ya ƙara lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Sunana Saude, amma a garinmu Malama Saude ta Ƙarƙashin Tanki ake ce mini. Na koyar a firamare har na yi ritaya. Laƙabin nan kuwa ba wasa ba ne. Gidana yana gindin tsohon tankin ruwan gari, wanda ke bakin hanyar da ke fita Mai'adua, har ƙafarsa ɗaya tana jingine da katangata. Marigayi maigidana, Malam Bala, shi ya zaɓi filin da kansa, ya ce ba ya son matarsa ta sha wahalar ruwa. Lokacin da aka kawo ni gidan, tankin nan fes yake, fentinsa har ɗaukar ido yake yi da hantsi. Ana sakin ruwa safe da yamma, famfunan unguwanni duk suna kawowa. A ƙarƙashinsa na haifi 'ya'yana, a ƙarƙashinsa na aurar da su. Tare muka tsufa da shi, sai dai ni ina zuwa asibiti a duba ni, shi kuwa an daɗe ba wanda ya hau ya duba shi.

Shekarun baya ya fara yoyo. Da farko ɗigo ne, can bayan ɗakin girki. Na kai ƙara wajen mai unguwa, shi ma ya kai gaba, aka ce za a zo. Da na ga ruwa yana ta zuba a banza, sai na zuba irin alayyafo a wurin. Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin alayyafo irin wannan ba. Na ƙara da yakuwa da zogale, na dasa gwanda. Da bazara, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, tsakar gidana kore shar. Matan unguwa idan sun shigo neman ganyen miya sai su ce, "Malama, ke dai damina ba ta yi miki sallama." Mu yi dariya. Da labarin ya tsaya a nan, da ban ɗauki biro ba.

Abin da ya sa na rubuta shi ne abin da ya faru ranar sunan jikata, a ƙarshen bazarar nan. Matar ɗana Nura ce ta haihu, aka samu mace. Gida ya cika da mata, 'yan'uwa sun zo daga Daura da Sandamu, an yanka rago, an girke tukwane a tsakar gida. Talatu mai waina ta kafa tandarta a inuwar tanki, mata suka shimfiɗa tabarmi kewaye da ita ana hira. Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso. Da aka kira salla sai yawancin matan suka tashi yin alwala, Talatu ma ta shiga ɗaki ɗauko ƙullu. Ba ta kai ga fitowa ba muka ji wata ƙara kamar an kifar da mota. Murfin tankin ne, faifan ƙarfe mai faɗin ƙofar ɗaki, iska ta ɓamɓaro shi daga can sama ya faɗo daidai kan tandar Talatu. Tanda ta yi raga-raga, waina ta watsu har kan rufin akurkin kaji.

Ka ga gudu, ranka ya daɗe! Akwai yayar maigidana, Inna Kulu, wadda ta shekara da shekaru tana ce mana gwiwoyinta sun mutu, sai an kama ta take tashi. Ranar ita ce ta fara kaiwa ƙofar gida, ta bar sandarta da takalminta a baya. Da hankali ya kwanta aka ga ba wanda ya ji ko ƙwarzane, sai aka koma dariya, har da masu hawaye. Talatu ta tsaya kan fasasshiyar tandarta tana cewa, "Ni dai a biya ni tandata, ko gwamnati ko Malama!" Inna Kulu kuwa har yau ba ta yarda ta yi gudu ba, cewa take yi iska ce ta tura ta.

Mun yi dariya, amma da baƙi suka watse na je na tsaya inda ƙarfen ya faɗi. Dab da wurin maijego ta zauna da jaririya a cinyarta tun azahar, mata suna zuwa suna yi mata barka. Tashin da mata suka yi domin salla ne kawai ya sa ta koma ɗaki. Na kasa cin abincin sunan.

Kashegari na saka mayafina na tafi sakatariya, sashen ayyuka. Ina so in faɗa a bainar jama'a cewa an karɓe ni da mutunci. Injiniyan da na tarar ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, kuma a ranar ya biyo ni a kan babur ɗinsa ya ga tankin da idonsa. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa ƙafafun, ya ɗauki hotuna da wayarsa. Daga abin da ya gaya mini da abin da na gani da idona na tsamo abubuwa uku da nake son in ajiye a gabanka.

Na farko, tankin kansa. Ƙafar da ke jikin katangata tsatsa ta cinye gindinta, har tsinken tsintsiya yana shiga ya fita ta ɗaya gefen. Tsanin hawa ya zubar da matakai. Yanzu da babu murfi, ƙura da kashin tsuntsaye duk a ciki suke sauka, kuma ruwan nan ne ake sakar wa gari a sha. Injiniya ya ce idan aka cika shi maƙil kuma iska mai ƙarfi ta zo, ba zai iya rantsuwa a kansa ba. Ba kuma tankin kaɗai ba ne. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa suna fashewa, yau a ƙofar masallaci, gobe a bakin kasuwa. Kwalbatin da motocin hatsi da na dabbobi ke bi ranar kasuwar Mai'adua ya tsage. Rufin ɗakin shan magani yana zuba. Duk sa'annin juna ne, kusan lokaci ɗaya aka yi su, ga shi lokaci ɗaya suke neman kwantawa.

Na biyu, masu aikin. A da akwai Malam Iro mai famfo da abokan aikinsa. Duk shekara bayan an gama girbi sai su zo da igiyoyi da gwangwanayen fenti, su kwashe ruwan, su shiga ciki su wanke, su kankare tsatsa, su shafe shi. Ni nake dafa musu dambu in aika. Abokan nan nasa wasu sun rasu, wasu sun yi ritaya, ba a ɗauki kowa a gurbinsu ba. Malam Iro yana nan da ransa, amma ido ya yi rauni. Da na je na ba shi labarin murfin, sai ya ce, "Malama, da ƙafata za ta yarda da gobe kin gan ni a sama. Ban ƙi koyarwa ba, ba a dai turo mini wanda zan koya wa ba." Shi kuma Injiniya ya gaya mini cewa shi ne na ruwa, shi ne na kwalbati, shi ne na rufin makarantu, daga garinmu har ƙauyukan bakin iyaka. Ko man babur ɗin da ya kawo shi gidana, daga aljihunsa ya zuba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, hannuwa ba su ƙare a garin nan ba. Ga Sani mai walda, tsohon ɗalibina, yana da shago da abokan sana'a, ƙofofi da tagoginsu har daga Nijar ake zuwa saye. Sun iya ƙarfe, amma ba su taɓa aiki a sama ba, ba su da igiyar ɗaura ƙugu ko hular kwano. Ga 'yata Maryam, ta karanta aikin gine-gine a kwalejin fasaha, ta gama da sakamako mai kyau, yanzu atamfa take sayarwa ta waya. Ba ina nema mata aiki ta bayan gida ba ne, irinta suna da yawa, maza da mata. Mai sanin tankin yana zaune a zaure, masu ƙarfi suna shago, masu takarda suna gida, Injiniya yana ofis shi kaɗai. Kowa yana gefensa, ba wanda ya tara su wuri ɗaya.

Na uku, kuɗi. A nan ba ni da ilimi, ban san abin da ke shigowa baitulmali ba, ban san abin da ke fita ba, don haka ba zan zargi kowa ba. Abin da na sani shi ne abin da Injiniya ya faɗa yana murmushi: samun kuɗin sabon aiki ya fi samun kuɗin gyaran tsoho sauƙi. Na kuwa gaskata shi. An taɓa haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an yi jawabai, ni ce ma na rangaɗa guɗar farko. Mun ji daɗinta ƙwarai. Da wani ɗan abu ya ƙone a cikin injin, sai ta tsaya, har yau tana tsaye, awaki ne ke kwana a inuwar faifan hasken ranar. Ba wanda aka ɗora wa alhakin gyaranta, ba a kuma ware komai domin hakan ba. Idan aka rushe tankin nan aka kafa sabo a kan wannan tsari, jikata za ta girma ta rubuta wa wani shugaban irin wannan takarda.

Kada kuma a ɗauka mu ba za mu taɓuka komai ba. Duk ranar da famfo ya ɗauke, wajen 'yan ga-ruwa muke sayen ruwa, kuma ba da arha ba. Mun zauna da matan unguwa a gidana, mun yarda idan aka kafa kwamiti na mutanen da muka amince da su, kowane gida zai riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata domin ƙananan gyare-gyare. Talatu ce ta fara ɗaga hannu, da sharaɗin a fara da tandarta. Amma ƙafar tanki ta fi ƙarfin adashin mata, wannan sai hukuma.

Ga kuma abin da ya sa nake gaggawa. Sani da abokansa sun gaji da jira. Sun zo gidana bayan sallar Juma'a suka ce sun yanke shawara za su hau su mayar da murfin, su ɗaure ƙafar, kyauta, ko da izini ko babu. Na ji daɗin zuciyarsu, amma na dubi tsanin nan na dubi fuskokinsu, duk na san iyayensu mata. Na roƙe su su dakata har in rubuta maka. Sani ya sosa ƙeya ya ce, "Malama, tun muna aji uku ba ma iya yi miki musu. Za mu jira, amma idan ruwa ya sauka sosai ba a ji komai ba, sai dai ki yi haƙuri." Na san shi, zai hau.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

A ba da umarni a daina cika tankin maƙil tun daga yanzu, a turo masana su yanke hukunci, gyara zai karɓa ko saukewa. Idan gyara ne, a yi shi kafin damina ta kankama.

A ba su Sani kayan kariya da izini a rubuce, su yi aikin a ƙarƙashin kulawar Injiniya, a kuma ɗauko Malam Iro a ajiye masa kujera a gindin tankin ya riƙa faɗa musu abin da ya sani tun yana da sauran ƙarfin faɗa.

A ɗauki matasa masu takardar wannan fanni, ko da kaɗan ne, a ƙara wa sashen ayyuka, domin mutum ɗaya ba zai riƙe ƙaramar hukuma guda ba.

A kasafin kuɗi mai zuwa a ware wa gyara nasa kason daban. Idan kuma abin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, ka fito ka gaya mana gaskiya, mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa tare da kai. Ba za mu ji haushi ba. Mu dai a daina ce mana za a zo.

A halin yanzu na mayar da maijego da jaririyarta gidan iyayenta, na ce su ƙara hutawa. Nura yana ta matsa mini in koma wajensa, na ce ba inda za ni, ina jiran baƙo daga sakatariya. Idan Allah ya kawo ka, ba sai ka tambayi kowa gidana ba. Da ka shigo gari ka ɗaga kai kawai, sai dai ka ajiye motarka daga can nesa.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya tsare ka da iyalinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Daura da jiharmu lafiya, amin.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Malama Saude ta Ƙarƙashin Tanki