Ni Na Fara Jin Ƙullutun

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan kalau muke, sai dai ƙafar Inna da ke motsa mata lokaci-lokaci.

Auta, hotonki na taron masana ya iso. Inna ta sa an rataye shi a falo, saman talabijin. Kowa ya shigo sai ta nuna masa 'yarta da ta gano abin da ke jawo wa ɓeraye ciwon dajin mama. Na yi miki murna, wallahi, amma ba zan ɓoye miki ba, kishi ya hana ni sakat.

Kin san shekarata goma sha ɗaya ina kula da dabbobin ɗakin gwaji. Duk safiya nakan kwantar da macen ɓera a tafin hannuna in shafa cikinta. Da yatsun nan na fara jin ƙullutu kamar ƙwayar wake a jikin ɓeraye mata na keji na bakwai. Ni na tuna cewa sanda suke ciki, tun ba a haife su ba, gorunan gilashi sun ƙare mana, iyayensu suka yi ta shan ruwa a tsofaffin na roba da muke tafasawa. Na gaya wa shugaban sashe, ya ce in kama tsintsiyata. Sai na kawo miki littafin da nake rubuta abin da na gani, lokacin kina ɗaliba, kika auna sinadarin da robar ke saki cikin ruwa. Ban raina aikinki ba. Amma kina can ana tafa miki, ni kuwa Inna ba ta karɓar ko ruwa a hannuna sai na wanke shi sau uku, wai ina ƙarnin ɓera.

Ki gaida maigidanki da yara. Baffa da Gwaggo suna gaishe ki.

Ban roƙi a sa sunana a takardar bincikenki ba. Abu ɗaya nake so: idan kin kira Inna, ki gaya mata da bakinki wanda ya fara gani. Ta tsufa, Auta, ina so ta sani tun tana raye. Ni idan na faɗa, cewa za ta yi kishi ne, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Taki har kullum,
Yayarki