Ƙyauren Ɗakina Yana Kan Lambatunku

Zuwa ga Mai Girma Injiniyan da ke kula da aikin sabon titin unguwarmu a Tambuwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka barka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ranka ya daɗe, sunana Attahiru, mai facin taya a bakin hanyar Kebbe. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, ranar da malam ya ce in maimaita, ni kuwa na ga bai kamata in takura wa ajin ba. In ka ga wasiƙar tana ɗingishi ka yi haƙuri, ita ma gefen titinka ta biyo.

Shekaranjiya ma'aikatanka suka shafa jan fenti a jikin wani ƙyaure da ke shimfiɗe bisa lambatu a ƙofar gidana. Suka ce in ɗauke shi kafin manya su zo buɗe titi, wai yana ɓata ado. Ƙyauren nawa ne, na ɗakin kwanana, kuma ba zan ɗauke ba. Ga dalilaina.

Na farko. Ina da ɗiya, Hajaru. Ƙyanda ta tafi da idanunta tun tana ƙarama. Yanzu ta girma, ta haddace Alƙur'ani, tana karantar da matan aure a islamiyyar da ke tsallaken titi. Shekaru da yawa ita ke kai kanta, ba mai riƙe mata sanda. Ka san yadda aka yi? Tun tana yarinya na yi ta jido faffaɗan duwatsu da jaki, ina binnewa ɗaya bayan taku uku, daga ƙofarmu har bakin hanya. Maƙwabta suka ce Attahiru ya gaji da gero ya koma shukar dutse. Na ce su jira kaka. Tafin ƙafarta ya haddace duwatsun nan kafin bakinta ya haddace izu guda. Inda ta taɓa dogonyaro, nan za ta karkata. Inda ta taka duwatsu biyu a jere, nan za ta tsaya ta saurari babura.

Na biyu. Da aikinku ya zo na yi murna, alhali titi mai kyau ba abokin mai faci ba ne. Motarku ta tone duwatsun, aka sare dogonyaron, aka gina lambatu mai zurfin ƙugu. Murfin siminti kuwa sai a ƙofar gidan da mota ke shiga. A lokacin Hajaru tana Sanyinna wurin gwaggonta. Da ta dawo, ni da bakina na yi mata albishir cewa an gyara mata hanya, sumul kamar tafin hannu. Lambatun ban ambata ba, don ni mai ido tsallake shi nake yi ban ma san na tsallake ba. Da hantsi ta ɗauki sandarta ta fita. Daga cikin lambatu aka ɗauko ta, haƙori ɗaya ya fita, hannun dama ya goce. Rabin laifin nawa ne, na karɓa. Ɗaya rabin nake neman mai shi.

Na uku. Na je wurin shugaban leburorinka na yi bayani. Ya ce in samo mata ɗan jagora kamar sauran makafi. To, na samo: ni. Mutum da furfurarsa, ya rufe rumfa safe da yamma yana jan sanda, 'yan kabu-kabu na tambaya ko na canza sana'a. Wannan bai dame ni ba, ni da aka yi wa dariyar shukar dutse. Abin da ya dame ni shi ne ranar da muka dawo ta jingine sandar ta ce, "Baba, da ni ke zuwa makaranta, yanzu kai ni ake yi kamar buhu. Ka gaya wa matan su nemi wata malama." Kwana huɗu ba ta fita ba. A na biyar na ciro ƙyauren ɗakina na shimfiɗa mata, ɗalibanta kuma suka kwantar da benci a lambatun ɗaya gefen. Uwargida ta ce, "Malam, yanzu mu da akuya wa ke da ɗakin?" Gaskiyarta, don akuyar ta riga ta cinye mini hula. Amma Hajaru ta koma aji da ƙafarta.

Na huɗu. Na ga fararen layukan da kuka zana don masu tsallakawa. Sun yi kyau, har na so in ɗauki hoto. Sai dai fenti ba ya magana da tafin ƙafa, babur kuma ba ya jin tsoronsa. Ga kuma Garba mai goro, da ke yawo a keken guragu. Kun ɗaga gefen titi har ba inda zai gangara, sai ya zagaya can nesa kafin ya iso masallacin da yake jin kiran sallarsa daga kan tabarmarsa.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe: a rufe lambatu a duk inda mutane ke tsallakawa, ba inda mota ke shiga kaɗai ba. A yi gangara don keken Garba. A yi tudun da zai tilasta wa babur rage gudu. A bakin wurin tsallakawa a sa siminti mai kaushi da ƙafa za ta gane. In ba ku da zanensa, ina da sauran duwatsu, kuma ba na karɓar lada. Kafin a yanke ƙyallen buɗe titi, a kira makafi da guragun unguwa su bi shi. In kana ganin na cika surutu, zo in ɗaure maka ido da rawanina, in ara maka sandar Hajaru, ka kai kanka islamiyya. Zan tsaya kusa da man zafi.

Ƙyaure dai yana nan. In kun ɗauke, akwai na kicin, akwai na zaure, maƙwabta ma sun yi mini alkawarin nasu. Ranar da manya za su zo, Hajaru za ta fito a lokacinta, ta taka shi da jan fentinsa a gabansu, don ɗalibanta na jira. Ranar da murfi ya zo kuwa, ni da kaina zan saɓa abina in mayar, in kori akuya.

Allah ya bar maka idanunka da ƙafafunka har tsufa, ya kai ka gida lafiya duk hanyar da ka bi, ya sa aikinka ya zame maka sadaka mai gudana.

Wassalam.

Naka,
Attahiru mai faci, baban Malama Hajaru