Abin da Baban Da-som Ya Ɓoye Mana

Tongyeong, farkon kaka

Zuwa ga Yaya Chun-hwa,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kina lafiya ke da maigidanki da yara, sanyin Jamus bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mu nan an fara girbin shinkafa, jikan maƙwabciyarmu da kika goya har ya shiga makaranta.

Yaya, ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Ƙaninki ba shi da lafiya, ciwon daji ne a hanjinsa. Tun bazara ake yi masa magani, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi sai makon jiya na sani.

Kin san 'yarmu Da-som, bayan ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta shiga horon ƙwarewa a babban asibitin birni. Suna zagaya marasa lafiya tare da likitoci, suna duba wane magani ya dace da wa, nawa za a ba shi, wanne ne ba ya haɗuwa da wanne. Babanta bai taɓa son abin ba. Kullum cewa yake mai digiri ta koma ɗaliba don kawai ta ƙirga ƙwayoyi a ɗakin ƙasa. Ashe shi ya sa da aka tura shi asibitin bai damu ba, ya ɗauka ba za su taɓa haɗuwa ba. Ni kuwa sai ya ce mini kamun kifi yake zuwa. Ya dawo a gajiye da kifi a leda, ashe a kasuwa yake saye! Ni ma da wautata har yabonsa nake yi.

Da aka mayar da Da-som sashen ciwon daji, malaminta ya tura ta ta yi wa masu karɓar ƙarin ruwa bayanin maganinsu. Ta ɗaga labule, sai ga babanta a kujera da allura a hannu. Ta ce yana ganinta ya ja hula ya rufe fuska kamar yaron da aka kama da sata. Wai abin da ya fara ce mata shi ne, ita ba a ɗakin ƙasa take aiki ba? Malamin ya hana ta sa hannu a maganin babanta, ya tuna mata cewa sirrin mara lafiya nasa ne, ko uwarta ba ta da ikon faɗa wa. Haka yarinyar nan ta riƙa zuwa gida tana cin abincina, tana kallona, bakinta a rufe.

Ranar Lahadi na ga ya rame, ko ruwan sanyi ba ya iya taɓawa, sai na dafa masa jiƙon saiwoyi irin wanda Inna mahaifiyarku take yi da tana raye. Ya kai kofin baki ke nan, Da-som ta yi tsalle ta fizge shi, kofin ya faɗi ya fashe. Na daka mata tsawa, na ce karatun ne ya raba ta da kunya? Ta ce jiƙon zai iya karo da abin da ke jininsa ya lalata masa hanta. Na ce wane abu ne a jininsa? Ta juya ta ce masa ta gaji, ya faɗa da bakinsa ko ta ajiye aikin ta faɗa. Yaya, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Inna, ya durƙusa yana tsince fasassun kofin yana kuka. Ya ce ya ga yadda jinyar Inna ta cinye ni, bai so in sake shan irin wannan wahalar ba.

Ban san da wa zan yi fushi ba. Daga baya na kama Da-som na rungume, don ita ta fi mu shan wuya. Jiya na bi shi asibiti. Likita ya ce ƙarin da ke hanjinsa yana raguwa, za a yi aiki kafin hunturu, akwai fata sosai. Na ga 'yarmu daga nesa cikin farar riga tana yi wa wata tsohuwa bayani a hankali, shi kuma ya bi ta da ido.

Ya hana ni faɗa miki, na ce ɓoye-ɓoye ya ƙare a gidan nan. Ki kira shi, Yaya. Ke da kika yi rayuwarki a aikin jinya kin san abin da za ki tambaya. Amma don Allah kada ki yi masa kuka. Ki zage shi tas yadda kika saba, shi ne zai sa ya yarda bai mutu ba tukuna.

Ki gaishe da maigidanki, da 'yarki Hye-rim da mijinta, da ƙaramin jikanki Jun-seo. Da-som tana gaishe ki, ta ce ki yafe mata shirun da ta yi.

Taki, matar ƙaninki,
Gyeong-ae