Gonar da Waya Ta Zana Min

Yaya Sabo,

Sallama da gaisuwa daga Tamanrasat. Ya jikin Inna? Ya Rekiya da yara? Ni lahiya lau, sai dai aikin ginin ya tsaya, na kasa zama wuri ɗaya. Kada ka gaya wa Inna.

Wani da muke ɗaki ɗaya ya koya min ƙirƙirarriyar basirar nan ta waya. Ina haɗa bidiyon noma da ita. An ce in masu kallo suka yi yawa, kana kwance kuɗi na shigowa. Ni dai kwanciyar kawai na gani.

Jiya na ce ta zana min gonar hatsi, sai ta kawo alkama! Ba ta san gero muke nufi ba. Da na gyara mata, ta zana gero ya yi kai, mutane na duƙe suna aiki, babu mai waiwayen daji. Na daɗe ina kallo.

Don Allah ka ɗauko min hoton gonarmu ta Kurya Madaro, in sa ta gaske a bidiyon. Amma in hanyar ba lahiya, kada ka je. Zanen ya ishe ni.

Allah ya tsare ku.

Ƙanenka,
Bilyaminu