Gwaggona Lafiyarta Lau, Ga Surukata Za Ta Je Dubiya

Assalamu alaikum Anti Juwairiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, na rasa wanda zan tunkara da wannan magana. Ki sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a Wudil, aurena shekara ɗaya da rabi. Tun ina budurwa gashi ke fito mini a haɓa da gefen kumatu, har da ɗan gashin baki. Na sha tsokana a makaranta, har yau in aka ƙura mini ido sai hannuna ya tafi haɓa. Na gwada cire shi da halawa, na gwada tsige shi da zare, duk sai fuskar ta yi ƙuraje ta bar baƙin tabo. Ana saura sati biyu bikina ƙawata ta kai ni wani shagon gyaran fata a Kano, inda suke kankarar fuska, abin da suke kira damaplenin. Matar ta wanke mini fuska, ta buɗe sabuwar aska 'yar ƙarama irin ta asibiti, tana jan fatar tana kankarewa a hankali, gashin da matacciyar fata duk suka tafi. Da na duba madubi sai da na yi hawaye. Da wannan fuskar maigidana ya san ni, don kafin aure da niƙabi nake fita zance.

To Anti, bayan sati uku zuwa huɗu abin yakan dawo. Ranar da na fara neman izinin komawa kunya ta hana ni faɗin gaskiya, sai na ce gwaggona da ke Kano ce ba lafiya. Wata na zagayowa na sake cewa ita ce. Na ɗora mata hawan jini, na ƙara da ciwon suga, yanzu har ƙafa ta ƙi takuwa. Shi kuma bawan Allah duk tafiya sai ya sayo kifi a bakin gada ya ce in kai mata, ni kuwa mai shagon nake ba wa. Har limamin unguwarmu ya roƙa ya sa ta a addu'a. Gwaggon nan lafiyarta lau, atamfa take sayarwa, ba bikin da ke wuce ta. Sau biyu kacal na leƙa ta.

Yanzu ga inda na shiga uku. Surukata, Inna, tana Kausani. Ta aiko cewa abin kunya ne a ce suruka na kwance fiye da shekara ba ta taka ta duba ta ba, za a ce danginsu ba su san zumunci ba. Ranar Juma'a za ta shigo kasuwa ta kwana a gidanmu, Asabar mu tafi tare. Har ta tara ƙwan zabi, ta sa an surfa gero.

In muka je muka tarar da Gwaggo tana auna yadi, tambayar farko ita ce ina nake zuwa. Matar aure ta fita duk wata, ta dawo fuska na sheƙi, kin san abin da za a ɗauka, alhali wallahi aska kawai ke taɓa ni. In na faɗi gaskiya, ina tsoron daga ranar haɓata zai riƙa kallo. In daina kuma ba hali, an ce duk inda aska ta bi gashin dawowa yake da kauri kamar gemun namiji. Shin in roƙi Gwaggo ta kwanta ta rufa mini asiri na yini ɗaya, ko ni in kwanta ciwon ƙarya ranar?

Taki, Mai Ɓoyon Haɓa, Wudil.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar Gwaggo a kan ƙafafunta. Kin kwantar da ita da baki wata goma sha takwas, kada ki ƙara da shimfiɗa mata tabarma. Ko ta yarda, Inna za ta koma dubiya ta biyu, in kuma ke kika kwanta, sati ɗaya kawai kika saya.

Ban raina kunyarki ba. Wadda aka yi wa dariya tana ƙarama ba ta mantawa, kuma mata masu irin gashinki sun fi yadda kike zato yawa. Amma shi ma maigidanki ki duba nasa ɓangaren: ya yarda da ke, ya sayi kifi, ya tsaya gaban liman. Abin da zai yi masa ciwo ƙaryar ce, gashin ƙaramin abu ne a kanta. Idan ya ji daga bakinki, laifi ne da ake yafewa. Idan a tsakar gidan Gwaggo asirin ya tonu a gaban mahaifiyarsa, zargi zai shigo, shi kuwa wuyar fita gare shi.

Saboda haka kafin Juma'a ki zaunar da shi, ku biyu, ki faɗa masa tun daga tsokanar makaranta. Ki nuna masa lambar shagon da saƙonninku da mai aikin, ki ce ya raka ki in yana so. Zai iya yin fushi, ki ba shi haƙuri ki bar shi ya huce. Inna kuma shi ya san yadda zai shaida mata cewa Gwaggo lafiya take, magani kike zuwa nema wa kanki kunya ta hana ki faɗa. Ki durƙusa ki nemi gafararta, ba sai an kai ga zancen haɓa ba.

Batun kauri, ki kwantar da hankalinki. Aska ba ta ƙara wa gashi kauri, bakinsa ne ke fitowa a yanke sai ki ji kaushi. Ki tabbata duk zuwa a gabanki ake buɗe sabuwar aska, kada a yi miki in akwai ƙuraje, ki kuma kare fuskar daga rana bayan an gama. Sannan ki ga likitar mata, musamman in al'adarki na rikicewa, don wani lokacin daga ciki matsalar take kuma tana da magani. In kina da shakka ta fuskar addini, ki tambayi malamar da kika yarda da ita.

Ƙwan zabin nan kada su lalace. Ki kira Gwaggo ki faɗa mata abin da kika yi da sunanta, ki sha faɗanki, ranar Asabar ku kai mata ziyara ke da Inna. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran maigidanki, ya ƙara wa Gwaggo lafiyar da dama take da ita.