Ni'ima Ta Kira Fasinja

Inna,

Gaisuwa daga Agege. Ya ƙafar taki? Mu lafiya lau, ɗakin ne dai ya yi mana girma.

Albishirinki! Kin san jikarki Ni'ima ta daina magana tun rasuwar babanta, har kika ce a mayar da ita wajenki. Jiya maƙwabciyata ta ba ta 'yar motar haya ta roba, irin danfo, da haruffan katako. Ta loda su, tana turawa, sai na ji, "Ogba, Ogba, saura mutum ɗaya," yadda marigayi yake kira a tasha. Ta ɗago harafi ta ce, "Mama, wannan fasinjan ya sunansa?"

Ina kuka na faɗa mata.

Don Allah, Inna, ki bar min ita.

'Yarki,
Zuwaira